Imani da tabbataccen tarihi a addinin Kirista: ina iyakar kowanne?

Duk ƙarshen shekara, idan Kirsimeti ta ƙarato, wasu bidiyoyi sukan sake bayyana a wayoyin mutanen Damagaram, ana ta tura su daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan. Ɗaya yana cewa masana sun tono jirgin Annabi Nuhu a kan wani dutse a ƙasar Turkiyya, don haka kimiyya ta gaskata Littafi Mai Tsarki daga farkonsa har ƙarshensa. Wani kuma yana cewa a Turkiyyar aka gano ainihin Linjila mai shekara 1,500, wadda ta rushe addinin Kirista har fadar Paparoma ta rasa ta cewa. Galibi Kiristoci ne ke tura na farko, Musulmi kuma na biyu, amma aibin saƙonnin iri ɗaya ne, domin kowannensu ya ɗauko maganar imani ya gabatar da ita a matsayin sakamakon bincike.

Kiristoci ƴan kaɗan ne a Nijar, ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, ko da yake a nan Damagaram ƴan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka fara zama tun 1924. Garin da aka ƙona majami'unsa a watan Janairun 2015 ya san abin da zancen addini ke iya haifarwa idan ya fita daga hannun masu natsuwa. Shi ya sa yake da amfani a rarrabe abin da Kirista ya yi imani da shi, da abin da kowane mai bincike, ko wane addini yake bi, zai iya dubawa ya tabbatar.

## Magana iri uku

Tabbataccen abu a wurin masana tarihi shi ne maganar da za a iya gwada ta da shaidar da ke buɗe ga kowa: rubutu a jikin dutse, tsohuwar takarda, tsabar kuɗi, ko gwajin da ke auna shekarun ƙashi da tufa. Masanin tarihi ba ya cika cewa «tabbas» kai tsaye, yakan ce abu ya kusa tabbata, ko mai yiwuwa ne, ko shaidarsa tana da rauni, kuma yana shirye ya sauya hukunci idan sabuwar shaida ta fito. Wanda ya san yadda malaman hadisi ke jera ruwaya daga ingantacciya zuwa mai rauni ba zai ga baƙon abu a nan ba, duk da cewa ma'aunan ɓangarorin biyu sun bambanta.

Imani, wanda Kiristoci masu jin Hausa suka fi kira bangaskiya, amincewa ne da abin da mutum ya karɓa a matsayin wahayi daga Allah. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, a sura ta 11, ta bayyana shi da cewa tabbaci ne na abin da ake sa zuciya a kai, da sakankancewa da abin da ido bai gani ba. Idan aka ce wata magana ta imani ce, ba a ƙaryata ta ba. An dai ce kayan aikin masanin tarihi ba sa kaiwa gare ta.

Na ukun shi ne al'ada, wato abin da mabiya suka saba da shi alhali babu shi a nassi kuma ba ya cikin ginshiƙan aƙida.

Tarihin garin nan yana iya haska bambancin. An kashe sojan Faransa Kyaftin Cazemajou a Damagaram a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, kuma a 1899 Faransawa suka yi nasara a Tirmini suka shiga Birni. Rahotannin Faransawa da labarin da aka gada a baka sun haɗu a kan wannan. Amma idan dattijo ya ce Allah ne ya ƙaddara faɗuwar Birni, ya faɗi abin da akasarin Damagarawa suka yarda da shi, wanda kuma babu wata takarda a ɗakin ajiyar tarihi da za ta tabbatar da shi ko ta rushe shi.

## Dalilin da batun ya fi tsanani a wannan addini

Addinin Kirista ya ɗaure aƙidarsa da abubuwan da ya ce sun faru a wani wuri, a wani lokaci. Shahadar bangaskiya da ake karantawa a majami'u da yawa ta ambaci sunan wani gwamnan Rumawa, Bilatus, a tsakiyar bayanin aƙida. Luka, ɗaya daga cikin marubutan Bisharu huɗu masu ba da labarin rayuwar Yesu, ya buɗe Bishararsa da cewa ya bi diddigin labaran daga waɗanda suka gani da ido. Manzo Bulus ya ƙara ɗaure zancen a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta 15, inda ya ce idan Almasihu bai tashi daga matattu ba, wa'azinsu banza ne, bangaskiyar masu bi ma banza ce. Addinin da ya kafa kansa a kan tarihi haka ya buɗe ƙofa ga masu binciken tarihi, ko yana so ko ba ya so.

Sun kuwa shigo. Tun daga ƙarni na 18, musamman a Jamus, malamai suka fara karanta Littafi Mai Tsarki yadda ake karanta kowane tsohon littafi, suna tambayar wanda ya rubuta, da lokacin, da majiyarsa. Littafin David Strauss na 1835 a kan rayuwar Yesu, wanda ya ɗauki mu'ujizai a matsayin tatsuniyar addini, ya tayar da ƙura sosai. Martani ya zo daga Furotesta masu riƙe da nassi kalma da kalma, musamman a Amurka da Kanada da Ingila, kuma daga wannan ɓangaren ne ƴan mishan na SIM suka fito. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa majami'un da suka gaji aikinsu a Damagaram da Maraɗi suke karanta nassin a zahirinsa fiye da yadda ake yi a majami'un Turai da dama.

## Abin da bincike ya iya tabbatarwa

A 1961, masu haƙo kayan tarihi ƴan Italiya suna aiki a tsohon gidan wasa na garin Kaisariya, a bakin tekun Bahar Rum, sai suka ci karo da wani dutse da magina na baya suka cire daga wani gini suka sa a matakala. Gefe ɗaya ya lalace, amma an iya karanta rubutun Latin da ke jikinsa: sunan wani gini da aka yi don Sarki Tibariyas, sai sunan Bilatus, sai muƙaminsa na mai mulkin Yahudiya. An san ya riƙe wannan muƙami daga wajen shekara ta 26 zuwa ta 36 Miladiyya. Dutsen yana gidan tarihi a birnin Ƙudus.

Akwai kuma marubutan da ba Kiristoci ba. Tacitus, Barume ne da ba ya ƙaunar Kiristoci ko kaɗan, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Sarki Nero ya ɗora musu laifin gobarar Rum ta shekara ta 64, kuma sun samo sunansu daga Almasihu wanda Bilatus ya zartar wa hukuncin kisa a zamanin Tibariyas. Josephus, Bayahude, ya ambaci kashe Yakubu ɗan'uwan Yesu a littafin da ya kammala wajen shekara ta 93. Akwai wani sakin layi na biyu a littafin nasa da ke yabon Yesu, wanda akasarin masana suke ganin masu kwafi Kiristoci sun yi masa ƙari daga baya. A ɓangaren Tsohon Alkawari, an tono wani dutse a Tel Dan a 1993 mai ambaton gidan Dawuda.

Daga waɗannan da wasiƙun Bulus, waɗanda aka rubuta tun wajen shekara ta 50, kusan dukkan masana fannin, har da marasa addini irin su Bart Ehrman, sun yarda cewa Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), mutum ne da ya rayu a Galili, Yahaya ya yi masa baftisma, ya yi wa'azi, ya tara almajirai, kuma al'amarinsa ya ƙare a hannun Rumawa wajen shekara ta 30 ko ta 33. Sai dai dutsen Kaisariya ya tabbatar da mulkin Bilatus ne kawai. Bai ce komai ba a kan ko Yesu Ɗan Allah ne, ko mutuwarsa fansa ce ta zunubin ƴan Adam, ko haihuwarsa daga budurwa, wadda Kirista da Musulmi suka haɗu a kanta ta hanyar nassi.

## Inda lissafi bai daidaita ba

Bisharar Matiyu ta sa haihuwar Yesu a zamanin Sarki Hirudus, wanda ya mutu a shekara ta 4 kafin Miladiyya. Luka ya haɗa ta da ƙidayar jama'a ta gwamna Kiriniyas, wadda Josephus ya nuna an yi a shekara ta 6 Miladiyya. Tsakanin akwai kusan shekara 10. Masu kare nassi suna cewa wataƙila an yi wata ƙidaya tun da farko, ko kuma jimlar Luka tana ɗaukar wata fassara, wasu masanan kuma suna ganin Luka ya cakuɗa lokutan. Kalandar Miladiyya kanta lissafin wani malamin coci ne, Dionysius, a shekara ta 525, kuma ya kauce da ƴan shekaru.

Ranar 25 ga Disamba al'ada ce. Babu Bisharar da ta faɗi ranar haihuwar, shaida mafi tsufa ta bikin a wannan rana daga Rum take a shekara ta 336, Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar kuwa a 7 ga Janairu suke nasu. Haka ma cewa masanan da suka zo daga gabas don ganin jariri Yesu su 3 ne: Matiyu ya ƙirga kyaututtuka 3, bai ƙirga mutanen ba.

Batun kwafin littafin ya fi kowanne jawo gardama a fadojin matasa, daga Zango har Sabon Gari. Takardun asali da marubutan suka rubuta da hannunsu ba su wanzu ba. Abin da ake da shi kwafe-kwafe ne, fiye da 5,000 a harshen Girka, kuma ɗaya daga cikin mafiya tsufa wani guntu ne na Bisharar Yahaya da bai kai tafin hannu ba, yana ajiye a Manchester, ana danganta shi da ƙarni na 2. Manyan kundaye biyu na ƙarni na 4, na Sina'i da na Batikan, sun tsayar da Bisharar Markus a aya ta 8 ta sura ta 16, babu ayoyi 12 na ƙarshe, kuma labarin matar da aka kama da zina babu shi a cikinsu. Malaman Kirista ne da kansu suka tattara waɗannan bambance-bambancen suka buga, fassarorin zamani da yawa ma suna nuna su a ƙasan shafi. Mafi yawan sauran bambancin na rubutun kalma ne ko jerin kalmomi. A ɗaya gefen, naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samu a kogunan Tekun Gishiri a 1947 ya girmi kwafen Ibrananci da aka sani da shekara kusan 1,000, amma ya yi kusa da su ƙwarai. Saboda haka mai cewa ko wasali ɗaya bai taɓa motsawa ba ya wuce shaida, mai cewa an sauya littafin baki ɗaya shi ma ya wuce ta.

Taron shugabannin coci na Nikiya na shekara ta 325 ma ana yawan ɗora masa abin da bai yi ba. Bai zaɓi littattafan Sabon Alkawari ba, jayayyar da wani limami mai suna Arius ya tayar a kan matsayin Almasihu ya zauna warwarewa. Kuma ba a can aka fara bauta wa Yesu ba, domin wajen shekara ta 112 gwamna Pliny ya rubuta wa Sarki Trajan cewa Kiristoci suna rera waƙa ga Almasihu kamar ga abin bauta. Cewa Kiristocin farko sun yi haka tarihi ne. Ko sun yi daidai, wannan tambaya ce ta aƙida.

## Gicciye da tashi daga matattu

A nan ne rarrabewar ta fi wuya, kuma a nan ta fi amfani. Masana tarihi suna sa gicciye Yesu cikin abubuwan da suka fi ƙarfin shaida a rayuwarsa, saboda Bulus da Bisharu huɗu sun faɗa, Tacitus ya ambaci kisan, kuma mutuwa ce ta wulaƙanci da mabiya ba za su ƙirƙira wa shugabansu ba. Alƙur'ani kuwa, a Suratun Nisa'i aya ta 157, ya ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an kamanta musu ne.

Idan aka duba da kyau, matsayin Musulmi bai musanta cewa mutanen wurin sun ɗauka an gicciye shi ba. Abin da yake cewa shi ne Allah ya shiga cikin al'amarin ta yadda abin da aka gani ya saɓa da abin da ya auku. Masanin tarihi yana aiki ne da abin da shaidu suka gani suka ruwaito, don haka hukuncinsa zai tsaya a kan gicciye, kuma ba shi da ma'aunin da zai gwada kamantawar da Allah ya yi. Musulmin da ya riƙe ayar yana tsaye ne a kan wahayi, kuma ya fi ƙarfin hujja idan ya faɗi haka a fili, maimakon ya jingina ta ga binciken da bai goyi bayansa ba.

Wannan ma'aunin ya hau kan Kirista a batun tashi daga matattu. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, jim kaɗan bayan mutuwar Yesu almajiransa sun yi imani sun gan shi a raye, sun yi shelar haka a Urushalima, wato Ƙudus, wasunsu sun sha azaba a kai, kuma Bulus da ya fara da tsananta musu ya koma cikinsu. Malamai irin su N. T. Wright suna cewa babu bayanin da ya dace da waɗannan abubuwa kamar cewa ya tashi da gaske. Wasu suna cewa wahayin ido ne ko ruɗin baƙin ciki. Akasarin masana tarihi suna tsayawa a bakin iyaka, suna cewa aikinsu auna abin da ya fi yiwuwa ne bisa yadda duniya ta saba tafiya, mu'ujiza kuwa ita ce abin da ya keta wannan sabo. Masu sukar wannan tsari suna ganin ya rufe ƙofa tun kafin a duba shaida, kuma sukar tana da nauyi, sai dai da za a buɗe ƙofar, dole a buɗe ta ga mu'ujizan kowane addini daidai wa daida.

## Kiristoci ma bakinsu bai zo ɗaya ba

Masu cewa nassi ba ya kuskure ko a tarihi ko a kimiyya sun rubuta matsayinsu a sanarwar Chicago ta 1978, kuma a wurinsu duk saɓanin da aka gani yana da mafita ko da ba a gano ta ba tukuna. Cocin Katolika, a takardar babban taronta ta 1965, ta ce Littafin yana koyar da gaskiyar da Allah ya nufa domin ceto ba tare da kuskure ba, kuma dole a lura da salon kowane rubutu, domin waƙa da misali da tarihi ba karatu ɗaya ake yi musu ba. Akwai kuma masu sassauci da ke ɗaukar mu'ujizai da yawa a matsayin ishara. Ko yawan littattafan bai zama ɗaya ba: 66 a wurin Furotesta, 73 a wurin Katolika.

Labarin halitta ya fi nuna tazarar. Bishop Ussher ya lissafa a 1650 cewa an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin Miladiyya, har yanzu kuma akwai masu riƙe da irin wannan, alhali awon duwatsu yana ba ta shekara kusan biliyan 4.5. Amma tun ƙarni na 5 Augustine, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya gargaɗi Kiristoci kada su jingina wa nassi maganar da masu sanin taurari da ƙasa za su yi wa dariya. Georges Lemaître, wanda ya kawo ra'ayin faɗaɗuwar sararin samaniya a 1927, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam. Cocin Katolika da ta hukunta masanin taurari Galileo a 1633 ta amsa a 1992 cewa alƙalansa sun yi kuskure.

## Bidiyoyin nan biyu

An sha shelar gano jirgin Nuhu a yankin Dutsen Ararat, amma babu iƙirari ko ɗaya da masana kayan tarihi suka karɓa, kuma tudun nan mai siffar jirgi da ake yawan nunawa, masana ƙasa sun ce halittar ƙasa ce. Shi kuma littafin Turkiyya da jaridu suka yayata a 2012, ba a fitar da wani binciken masana da ya tabbatar da shekarun da aka ba shi ba. Linjilar Barnaba da ake haɗa shi da ita an san ta ne daga kwafi biyu, na Italiyanci da na Sifaniyanci, waɗanda ba su wuce ƙarshen ƙarni na 16 a tsufa ba, kuma a cikinta Yesu yana musanta cewa shi ne Almasihu, alhali Alƙur'ani da wannan laƙabin yake kiransa.

## Yadda abin ke shafar mutane a gida

Ɗalibar da ke shirin jarrabawar bak tana koyon shekarun duwatsu da sauyawar halittu a aji, ran Lahadi kuma ta ji an karanta surar farko ta Littafin Farawa mai labarin halitta. Idan aka nuna mata cewa dole ta zaɓi ɗaya, ko ta rasa maki ko ta shiga shakkar addininta. Idan ta san cewa takardar jarrabawa tana tambayar abin da awo ya nuna, kuma manyan majami'u da yawa ba sa ganin karo tsakanin wannan da imani da Mahalicci, nauyin yana raguwa. Abokin karatunta Musulmi yana fuskantar kusan irin wannan tambaya.

A zaman maƙwabta, wanda ya ce «a addinina haka yake» ya bar wa ɗan'uwansa wurin tsayawa, wanda kuwa ya ce «masana sun tabbatar» alhali ba su tabbatar ba, ya mai da abokin zamansa jahili ko mai taurin kai, daga nan ne kuma gardamar shayi take zama gaba.

Wurin da kuskuren ya fi tsada shi ne lafiya. A tarukan addu'ar warkarwa akan ji mai hawan jini ko ciwon suga ya miƙe ya ba da shaida cewa ya warke. Cewa Allah yana warkarwa aƙida ce. Cewa jinin wannan mutumin ya sauka magana ce da na'urar awo za ta amsa cikin minti 2, kuma wanda ya ajiye magani kafin a auna shi yana iya faɗuwa da shanyewar ɓarin jiki. Cocin Katolika ta daɗe da raba waɗannan matakai a Lourdes ta ƙasar Faransa, inda ofishin likitoci ke aiki tun 1883: likitoci su duba takardun majinyaci, su jira shekaru su ga ko ciwon zai dawo, iyakar abin da za su ce shi ne ilimin likitanci na yanzu bai iya bayyana warkewar ba, sannan bishop ne ke da ikon kiranta mu'ujiza. Cikin wajen mutum 7,000 da suka kai rahoto, waɗanda aka amince da su sun ɗan haura 70 ne kawai. A nan gida ma, ƴan mishan ɗin da suka fi kowa riƙe nassi a zahirinsa su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950 da na kutare a Danja a 1956, inda ake yi wa majinyaci addu'a kuma a aika jininsa ɗakin gwaji.